Kafin ka ɗaura wa motarka tobo a zafin Jidda, zauna ka fahimci abin tukuna

Kusan duk sati sai wani yaro cikin yaranmu ya shigo warsha, wato garejin gyaran mota, da waya a hannu, ya miƙo min yace Mu'allim dan Allah kalli wannan, in duba in ga Patrol ce tana tashi sama kamar zata bar ƙasa, ko Supra tana aman wuta ta salansa, sai yace shi ma haka yake so a mayar masa da tasa, nawa ne tobo. Ni kuma abinda nake fara tambayarsa shi ne, ka san me tobon yake yi a cikin injin? Mafi yawa sai suce yana ƙara gudu. Toh gaskiya ne amma wlh wannan amsar ita ce take cinye wa mutane dubban riyal a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, shi yasa na ga gara in zauna in rubuta abinda na sani tun daga tushe, yadda nima aka koya min, don wanda yake Jidda ko Makka ko Madina yana da wannan sha'awar ya shiga da idonsa a buɗe.

Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya riga ya san tobo ko bai sani ba. Gawayi yana nan, wuta tana nan, amma ƙarfe ba zai yi ja ba sai yaron maƙeri ya kama zugazugi yana hura iska. Injin mota haka yake. Fetur shi kaɗai ba ya komai, sai ya samu iska, kuma lissafinsa a ƙayyade yake, kilo ɗaya na fetur yana buƙatar wajen kilo 14.7 na iska kafin ya ƙone tas. Kaga kenan zuba fetur ba wahala bane, kowa zai iya ƙara fetur, iskar ce matsala, saboda injin da ba shi da tobo zuƙo iska yake da kansa kamar yadda kake numfashi, iya abinda silinda ta ɗauka shikenan. Tobo shi ne zugazugin. Yana danna iska da ƙarfi cikin silinda fiye da yadda zata iya zuƙa, sai a ƙara fetur daidai da ita, sai fashewar ta ƙaru, sai ƙarfi ya ƙaru. Abin burgewar shi ne ba hannu ke juya shi ba, ba bel ba, hayaƙin da injin yake zubarwa ne da kansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar wannan dabarar tun 1905, ta fara aiki a manyan injinan dizal da jiragen sama, sai a 1962 aka fara sayar da ƙananan motoci masu tobo a Amurka, Oldsmobile Jetfire da Chevrolet Corvair. Yau kuwa har Land Cruiser da muka saba da ita da silinda takwas, tun 2021 da sabuwar ta fito suka mayar da ita silinda shida mai tobo biyu.

Shawarata ta farko, kuma ita ce nafi so ka ɗauka ko da ka watsar da sauran: kar ka fara da sayen sabon tobo, fara da sayen matacce. Ka je tashlih, wato inda ake sayar da sassan matattun motoci, duk wanda yafi maka kusa, ka nemi tobon da ya lalace na Hilux ko na wata ƙaramar mota, kuɗinsa ba wani abu bane tunda ƙarfe ne kawai a wajensu, ka kawo shi gida ka shimfiɗa kwali ka kwance shi da hannunka. Gani ya kori ji. Ni ranar da maigidana ya ajiye min ɗaya a gabana yace ɗana buɗe ka gani, ranar na gane abinda na yi wata da watanni ina ji a baki ban gane ba.

In ka buɗe zaka tarar da gida biyu masu siffar dodon koɗi. Ɗaya baƙi ne mai nauyi, ƙarfen zubi, duk ya yi tsatsa ya ƙone, wannan shi ne ɓangaren zafi, nan hayaƙi yake shiga ya bugi farfela. Ɗayan fari ne mara nauyi na alminiyam, shi ne ɓangaren sanyi, nan ɗaya farfelar take zuƙo iska ta matse ta. Sanda guda ɗaya ce siririya kamar biro ta haɗa farfelun biyu, in hayaƙi ya juya ta baya dole ta gaba ta juya. A tsakiya akwai ƙaramin gida da sandar take kwance a ciki, da ƙofar shigar baƙin mai a sama da ƙofar fitarsa a ƙasa. Ka sa yatsa ka juya farfelar, ka ji yadda take tafiya sumul, sannan ka tuna cewa wannan abin a kan hanya yana juyawa sama da sau 100,000 a minti ɗaya, ƙananan ma suna haura 200,000, alhali injin naka da kake jin yana ihu bai wuce 6,000 ko 7,000 ba. Kuma hayaƙin fetur da yake dukanta yana kaiwa digiri 900, har ma fiye. In an matsa wa mota da daddare aka ɗaga bonet zaka ga gidan ya yi jajir kamar garwashi.

Ka kama kan sandar ka girgiza ta gefe da gefe. A irin tobon da sandarsa ke yawo a kan mai, ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi bane matuƙar fukafukan basa gogar bango, amma in ka ja ta gaba da baya ka ji tana ƙwas ƙwas toh wannan ya gama yawo. Ka duba bakin fukafukan farfelar sanyi, a garin nan sau da yawa zaka gansu sun dakushe sun yi kamar an goga musu sanfefa, ƙura ce ta cinye su. Wannan gwajin da ka koya a kan matacce shi zaka yi ranar da wani zai sayar maka da na hannu yana rantsuwa lafiyarsa ƙalau.

Sai maganar bust, wato yawan matsin iskar. Iskar da muke shaƙa a nan bakin teku nauyinta kusan bar ɗaya ne, ko kace 14.7 a ma'aunin psi. In aka ce mota tana bust rabin bar, wajen psi 7 kenan, ana nufin an ƙara rabin abinda take samu a da. A takarda sai kace ƙarfi zai ƙaru da rabi, a zahiri baya kaiwa, saboda iska in aka matse ta zafi take yi, in ta yi zafi kuma sai ta buɗe ta rage kauri. Kuma nan ne mu mazauna Saudiyya muka bambanta da mutanen da kake kallo a bidiyo. Wanda yake Jamus ko Japan tobonsa yana zuƙar iska mai digiri 15 ko 20, kai naka a watan Yuli yana zuƙar mai digiri 45 daga kan kwalta, in ka matse ta zuwa rabin bar kawai zata fito wajen digiri 100, in ka kai bar ɗaya ta doshi 140. Wannan iskar kake so ka tura cikin silinda ka haɗa ta da fetur. Don haka lambar da wani ya saka wa motarsa a can ta zauna lafiya, kai in ka kwafa a nan zata iya kashe maka inji, ba don shi ya yi ƙarya ba.

Abinda ke kashe injin tobo sunansa ƙwanƙwasa, Larabawan warsha suna ce mata sarga'a. Yadda ya kamata abu ya tafi shi ne fulogi ya kunna wuta, wutar ta bazu a hankali ta tura fistin ƙasa. In zafi da matsi suka yi yawa, sauran fetur ɗin da wuta bata kai gare shi ba sai ya fashe da kansa lokaci ɗaya, ya doki kan fistin kamar guduma. A kunne sautin ba shi da girma, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana kaɗawa, in salansarka mai ƙara ce ma ba zaka ji ba sam.

Bara in baka labarin da har yanzu yake min ciwo. Akwai wani ƙanin abokina, yaro mai hankali mai neman na kansa, ya tara kuɗi ya sayi tsohuwar Lexus GS300, mai injin 2JZ. Ya ji ana cewa 2JZ ba ya mutuwa, ai injin Supra ne. Eh suna ɗaya ne amma ba ɗaya bane, na Supra mai tobo an rage masa matsin silinda tun daga kamfani zuwa 8.5, nasa kuwa mara tobo 10 ne ko sama da haka, fistin ɗinsu ma daban. Ya kai ta wata warsha aka ɗaura masa tobo mai araha a kwana uku, ba a taɓa nozul masu fesa fetur ba, ba a taɓa famfon fetur ba, intakula, wato abin sanyaya iskar tobo, ɗan ƙarami aka maƙala a bayan bamba inda iska bata ko isa, kuma yana shan fetur 91 saboda ya fi sauƙi. Sati biyu yana jin daɗinta a cikin gari da dare. Rannan ya kwashi abokai huɗu da rana tsaka zasu Ɗa'if shan iska, esi a kunne, suka kama hawan Hada, ya danna totur ya riƙe a kan hawa mai tsawo. Basu kai sama ba mota ta fara rawa, hayaƙi ya turnuƙe ta baya. Da aka ɗauko ta a kan sadaha, motar ɗaukar motoci, aka kawo min, na cire fulogi na silinda ta biyar na ga farin kansa ya yi ɗigo ɗigo kamar an yayyafa masa barkono, ga ƙananan ƙwayoyin alminiyam suna ƙyalli a jiki. Da muka buɗe inji muka zaro fistin, gefensa ya gutsure kamar ɓera ya ci, ringin ya karye gida uku ya zubo min a tafin hannu. Yaron yana tsaye yana kallo bai ce komai ba, can yace Yaya ashe haka abin yake. Kuɗin shekara biyu kenan. Tobon kansa kuwa lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu.

Hawan Ɗa'if yana da wani abu da mutane basa lura da shi. Garin yana sama da mita wajen 1,800, iskar can ta fi ta Jidda sirantaka da kusan kashi ɗaya cikin biyar, shi yasa mota mara tobo take yin sanyi in ta hau. Mai tobo bata jin haka sosai saboda tobon yana cike giɓin, amma yana cikewa ne ta hanyar ƙara gudun juyawa, wato ƙarin zafi, ga nauyi ga hawa ga minti goma ƙafa a kan totur. In zaka gwada ko gyaranka ya yi, irin wannan hanyar ce alƙali, ba tsere na daƙiƙa goma tsakanin danja da danja ba.

Toh yanzu ta ina za a fara in da gaske kake. Ka fara da injin da kake da shi. A auna matsin kowace silinda, in ɗaya ta bambanta da sauran da fiye da kashi 10 cikin 100 ka tsaya nan, ka gyara tukuna. In yana shan mai, in yana rage ruwa, in allurar zafi tana ɗagawa a cunkoson titin Falasɗin da esi a kunne, tobo ba zai rufa masa asiri ba, tona masa zai yi. Lagireto, fanka, famfon ruwa, tiyo tiyo ɗin nan da suka bushe, duk a duba. Kuma wannan ɗabi'ar ta cire tamostat a zuba ruwan famfo da muka taso da ita tun daga Ƙofar Ruwa, a bar ta, ruwan lagireto na gaske ake zubawa.

Na biyu fetur, kuma shi yake zuwa kafin tobo ba bayansa ba. A gidan mai ka san akwai kore 91 akwai ja 95. Lambar nan ba ƙarfi take nunawa ba, juriyar fetur ɗin take nunawa kafin ya fashe da kansa, don haka motar da aka ƙara wa bust 95 zata sha, kullum, ko a wane ƙauye ka tsinci kanka, in babu ka zuba kaɗan ka tafi a hankali ba tare da ka shiga bust ba har ka samu. Sannan nozul da famfon fetur dole su iya kawo abinda ake buƙata. A ƙarƙashin bust ba a barin haɗin a 14.7, ana ƙara fetur ya sauko wajen 11.5 zuwa 12, saboda rarar fetur ɗin tana sanyaya cikin silinda. In nozul ɗinka sun riga sun buɗe iya buɗewarsu tun kafin inji ya kai ƙarshe, iska tana ƙaruwa fetur baya ƙaruwa, abinda ya faru da yaron can kenan. Masu aikin da suka san kansu basa son nozul ya wuce kashi 80 zuwa 85 na iyawarsa.

Na uku sanyaya iskar. Intakula kamar lagireto ne amma iska ce ke bi ta cikinsa ba ruwa ba, tana fitowa daga tobo da zafinta ta ratsa shi ta huce kafin ta shiga inji. A ƙasar nan ban yarda da tobo ba tare da intakula mai kyau ba ko da bust ɗin kaɗan ne. Amma kar ka ce bari in sa ƙato in toshe gaban mota gaba ɗaya, lagireto da kondensan esi suna bayansa suma iska suke jira, na sha ganin wanda ya magance zafin iska ya jawo zafin ruwa. A sa shi inda iska ke dukansa kai tsaye, a toshe gefe da gefe yadda iskar ba zata zille ta zagaye ba. Matatar iska kuma, dan Allah a daina barin ta tsirara a cikin ɗakin inji kusa da salansa don a ji ƙara, zafi kawai take zuƙa, kuma waɗancan masu manyan ramuka ranar da guguwar ƙura ta taso yashi suke tacewa su tura wa farfela.

Sai girman tobon, inda kowa yake son babba. Babban tobo yana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya farka, ka taka totur ka ji shiru, ɗaya, biyu, sannan ya zo maka gaba ɗaya kamar an hankaɗe ka ta baya. Wannan jinkirin a filin tsere ba komai bane, amma a cikin gari inda kake son ka wuce tirela ka koma layinka abin tsoro ne. Ƙarami yana farkawa da wuri, yana da daɗin tuƙi, sai dai numfashinsa yana ƙarewa a sama. A jikin gidan zaka ga an rubuta A/R da lamba, ƙaramar lamba a ɓangaren zafi tana nufin saurin farkawa, babba tana nufin ƙarfi a can sama da jinkiri a ƙasa. Kamfanoni irin su Garrett da BorgWarner suna fitar da taswirar kowane tobo, wadda ke nuna iskar da yake iya turawa da inda yafi aiki ba tare da ya dafa iskar ba, ka zauna da wanda ya iya karantawa ku ɗora girman injinka da ƙarfin da kake nema a kai. Ka faɗi gaskiya wajen lambar. In motar zuwa aiki ce da kai iyali Makka ranar Juma'a, ƙarfin doki 80 ko 100 da zaka ƙara ya isa ka ji kamar sabuwar mota ka saya. Patrol ɗin da kake gani masu injin 4.8 suna fitar da doki dubu, an canza musu fistin da konrod da giya da komai, sunan ne kawai ya rage na asali. Kuma game da tobo marasa suna da ake sayarwa a intanet da kuɗin taya biyu, araha bata ado, sandar da zata yi juyi dubu ɗari in ba a daidaita nauyinta ba, ranar da farfela ta tarwatse gutsattsarinta cikin injinka zasu.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake rikita su. Westget ƙofa ce a ɓangaren hayaƙi, in bust ya kai inda aka tsara sai ta buɗe ta karkatar da wani hayaƙin ya wuce ba tare da ya taɓa farfela ba, ita ce linzamin tobo, in babu ita zai yi ta hawa har sai wani abu ya fashe. Akwai sifirin a cikinta, ka fara da mai laushi, na psi 5 zuwa 7, saboda na'urar ƙara bust tana iya ɗagawa sama da sifirin amma bata iya saukewa ƙasa da shi. Siririn tiyon da ke zuwa wajenta ka ɗaure shi da kilif da kyau ka nisanta shi da zafi, in ya fita ko ya narke ƙofar ba zata buɗe ba. Ɗayan kuma shi ne bawul ɗin da ke yin fishhh in ka ɗaga ƙafa, aikinsa sakin iskar da ta taru lokacin da totur ya rufe don kar ta koma ta doki farfela. Baya ƙara ko doki ɗaya. A motocin da ke auna iska tun daga bakin matata, in ka sake ta waje maimakon ka mayar da ita ciki, birenbos, wato kwamfutar injin, zai zuba fetur na iskar da ta riga ta gudu, sai mota ta riƙa shaƙewa tana mutuwa a danja.

Baƙin mai kuwa shi ne ran tobo. Layin da ke kawo shi siriri ne, wanda ke mayar da shi kuma dole ya zama mai faɗi, ya gangara ƙasa ba lanƙwasa ba hawa, ya shiga kwanon mai a saman inda man yake tsayawa, saboda ba famfo ke tura shi ba, gangarowa yake da kansa. Rabin tobon da ake kawo min ana cewa yana hayaƙi shuɗi sil ya lalace, in na duba layin komawar ne aka yi shi a kwance, mai ya rasa hanya ya cika gidan ya tsallaka cikin salansa. Tobo mai boris yawanci yana son a sa masa ɗan maƙogwaro a layin shiga don rage yawan man, ka bi abinda kamfanin ya rubuta. Kafin a tada inji karon farko a cika tobon da mai da hannu a juya farfelar, kar ya tashi a bushe.

Bayan duk wannan sai barmaja, wato a sake tsara birenbos ya san cewa yanzu akwai bust, nawa zai ba da fetur, yaushe zai kunna wuta. A ƙarƙashin bust ana jinkirta wutar fulogi kaɗan don gudun ƙwanƙwasa, ana sa fulogi mai jure zafi a kuma rage tazarar bakinsa. Nan ne bana son kowa ya yi rowa. Ka nemi wanda zai ɗora motar a kan daino, na'urar auna ƙarfin mota, ya sa ma'aunin haɗin iska da fetur a salansa, ya sa abin sauraron ƙwanƙwasa a kunnensa, ya hau da bust ɗin kaɗan kaɗan. Wanda zai karɓi motarka ya zuba mata fayil ɗin da ya sauko da shi daga wani wuri ya miƙo maka makulli a minti ashirin, ka gode masa ka tafi. Kuma ka roƙe shi abu ɗaya, kace Mu'allim a tsara min ita don watan Agusta ba don watan Janairu ba, da fetur ɗin da nake sha kullum, ko da lambar da zata fito a takarda ta ragu da doki ashirin. A cikin mota ka sa agogo uku inda idonka ke gani, na bust, na haɗin fetur, na zafin mai, ka koyi inda allurarsu ke zama in komai lafiya, ranar da ɗaya ta kauce ka ɗaga ƙafa nan take ba sai ka isa ba.

Masu dizal, Hilux da makamantansu, ku naku da sauƙi ta wani gefen tunda da tobon aka haife ta, barmaja kaɗan tana tashi. Amma baƙin hayaƙin da wasu ke alfahari da shi ba ƙarfi bane, dizal ne da bai ƙone ba, kuma yana nufin zafin hayaƙi ya hau, shi ke fasa kan inji ya narka fistin. Tobon sababbin yana da ƙananan fukafukai masu motsi a ciki, in kullum a sulo motar take ko gajeren zuwa, baƙin toka yana maƙale su.

Kar ka manta ƙarfin da ka ƙara sai ya bi ta kuloci ko giya kafin ya kai ƙasa, kulocin asali zai fara zamewa, giyar otomatik kuma zafi ke cinye ta don haka a ƙara mata nata abin sanyaya mai. Birki da taya kuwa ni a wajena kafin tobo suke, taya da ta shekara biyar a ranar Jidda ko zanenta bai goge ba ta bushe.

Sai maganar hukuma, wadda mu baƙi ta fi shafa. Canza mota ba tare da izini ba, laifi ne a wajen Murur, wato 'yan sandan hanya, kuma akwai fahas, gwajin lafiyar mota, da zaka kai ta kafin sabunta istimara, takardar rajistarta, ga inshora da zasu iya juya maka baya in aka yi hatsari suka ga an taɓa inji, don haka ka tambaya ka san matsayinka kafin ka kwance noti ɗaya. Kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi suna ko'ina. Tafhiɗ kuwa, wasan jan mota a titi, tararsa riyal 20,000 ce a karon farko tare da tsare motar kwana 15, karo na biyu 40,000, na uku 60,000 kuma ana iya ƙwace ta gaba ɗaya. Mai iƙama, wato takardar zama a ƙasa, da iyali a bayansa ba shi da abin yi a wannan layin, ga kuma rayukan mutane da suke kan hanya basu ji ba basu gani ba. In kana son ka ga iyakar motarka akwai filayen da aka tanada don haka, irin na Dirab a Riyad, ka shiga da hular kwano a inda ba mai tsallaka titi.

In an gama komai ka karɓi motarka, kwanakin farko ka bi ta a sannu. Da safe ka ba ta minti kaɗan tana tafiya a hankali har mai ya ɗumama kafin ka shiga bust. In ka dawo daga doguwar hanya ko ka matsa mata, kar ka kashe ta nan take, ka sassauta tun kana kusa da gida sannan ka bar ta a sulo minti ɗaya ko biyu, saboda in ka kashe mai ya tsaya alhali gidan yana jajir, man da ya rage a ciki sai ya soye ya zama gawayi ya toshe hanya. Ka riƙa juye mai da wuri fiye da da, mai na roba mai kyau ba na durom ba. Bayan sati ɗaya ka dawo a sake ɗaure notunan manifol da duk kilif ɗin bututun iska tunda zafi da sanyi suna sassauta su, a toshe bakin tobo a hura iska da kwamfuresa a fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, duk inda ya yi kumfa nan bust ɗinka yake zurarewa. Sannan a ciro fulogi duka a jera su a kan benci bisa tsarin silinda, ka sunkuya ka duba kan kowanne da fitila.